Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Saran Maciji na Kaltungo

Assalamu alaikum.

Ni manomi ne daga wajen Talasse a jihar Gombe, kuma na ga bai kamata godiyar nan ta tsaya a bakin ƙofar asibitinku ba, gara jama'a su ji.

A kakar bara ƙanina yana ɗaga tarin karan dawa da yamma kububuwa ta sare shi a idon sawu. Mun yi abin da muka gada: muka ɗaure ƙafar tamau da igiya, aka ba shi jiƙo, muka ce da safe sai mu gani. Kafin asuba dasashinsa ya fara zubar da jini, yawun da yake tofarwa ja wur. A nan hankalinmu ya tashi, muka ɗora shi a babur.

Da muka iso ba wanda ya tsaya yi mana faɗa, ko da yake mun cancanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta dubi ƙafar ta ce, "Baba, ɗaurin nan ba ya tsare dafi, ƙafar kawai yake kashewa." Aka ɗebi jininsa a 'yar kwalbar gilashi aka ajiye, aka ce mu jira minti 20. Ina tsaye ina kallo. Lokaci ya cika, aka karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwa. Likita ya ce aikin dafin kububuwa ke nan, hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa mutum zai yi kwana ɗaya ko biyu yana hira da kai alhali yana zubar da jini ta ciki. Nan take aka sa masa maganin dafi ta jijiya. Bayan awa 6 aka sake gwajin, jinin ya daskare. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin gudan jini ba.

A ɗakin da aka kwantar da shi na ga makiyaya da manoma daga Taraba, Adamawa da Bauchi, yawancinsu matasa ne masu ciyar da gida. Na ji an ce sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. To, ku dai ba ku jira ta ba.

Ranar sallama kun ja mana kunne: kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure, kada a kwana a gida. Na faɗi wannan a masallacinmu bayan sallar Juma'a, na sake faɗa a kasuwa. Ƙanina ya koma gona, da takalmin roba har gwiwa, kuma ba ya fita da dare sai da tocila.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa kada maganin nan ya yanke muku.

Naku,
Wani manomi daga Talasse