Zuwa ga aminiyata a Manchesta

Assalamu alaikum, Maman Ummi.

Na san kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Tun sunan jikar Goggo ban sake ce miki uffan ba. Ya sanyi, ya Malam da yara? Wai da gaske Ummi ta fi ki tsawo? To ai ba wani abin kirari ba ne, ko tabaryar gidanmu ta fi ki.

Kunya ce ta rufe min baki. Kusan shekara guda ke nan ina jin nauyi a ƙasana, kamar na zauna a kan ƙwai. Da safe garau nake, amma in na wuni tsaye gaban tanda, kafin la'asar ƙuguna ya riƙe, abu ya leƙo. Wani lokaci sai na sa yatsa na mai da shi kafin fitsari ya fito sosai. Goggo ta ce wankan jego ne ban yi da kyau ba, ta sa ni zama cikin ruwan bagaruwa. Wata biyu ina zaman baho, ba abin da na tsira da shi sai zannuwana biyu da suka rine.

Da na gaji na je asibiti. Allah ya taimake ni likitar mace ce. Ta sa na yi nishi kamar mai haihuwa, ta duba, ta ce zazzagowar mahaifa ce. Mataki huɗu gare ta, ni ina na 3. Ba ciwon daji ba ne, a nan na fara sauke ajiyar zuciya. Ta ce naman da jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne suka saki, kamar igiyar guga da ta sha ja. Da ta lissafo dalilai sai na ga tarihina take karantawa: haihuwa takwas, naƙudar fari ta kwana biyu wadda ke kika yi ta min fifita, jarkar ruwa mai lita 25, ga taurin bayan gida.

Akwai motsa jikin matse gaba, kamar mai riƙe fitsari, a saki, a sake. Ina yi ko ina yankan albasa. Amma ta faɗa min gaskiya, ya fi amfanar masu mataki na 1 da na 2, kuma sai an jure wata uku zuwa huɗu. Nawa ya wuce nan, don haka zaɓi biyu ne: zobe ko tiyata.

Zoben na roba ne mai laushi, ana sa shi a ɗakin duba marasa lafiya, ba allurar barci. Na farkon da ta gwada min, ina yin tari ya faɗo, ni da nas muka yi ta dariya. Na biyu ya zauna. Ta sa na zaga, na tsuguna, na yi fitsari, lafiya lau. Sai dai tokara ce kawai, ba ya warkarwa. Duk bayan wata huɗu zuwa shida sai na koma a cire, a wanke, a duba ko ya goge ni. Yana iya kawo ruwa da ɗan wari, wadda kuma ta manta da shi shekara da shekaru ita ce ke gamuwa da gyambo. Kin san ni da mantuwa.

Tiyatar kuma iri-iri ce. Ana iya cire mahaifar ta ƙasa ba tare da an tsaga ciki ba, a ɗinke wurin da ya saki. Ana iya barin ta a ɗaure ta da wata jijiya mai ƙarfi. Har akwai wani aiki mai sunan garinku, Manchesta, da ake rage bakin mahaifa a tsuke jijiyoyin. Na ce ashe har cikin cikina sai kin biyo ni! Bayan aiki, sati shida ba ɗaukar kaya, ba kwanan miji, kuma abin na iya dawowa ko da an yi. Wani ciki na iya warware ɗinkin, shi ya sa ta tambaye ni ko na gama haihuwa.

Nan na yi shiru. Shekarata 44, Auta ta shiga firamare, wallahi ba na son ƙari. Amma a ce ba ni da mahaifa, a gidan da amarya ke goyo? Baban su Abba ya ce duk wanda na zaɓa zai biya, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Na san ba mahaifa ce ke riƙe aure ba, amma kin san bakin matan layinmu, kafin a sallamo ni labari ya kai bakin kasuwa.

Af, kin ji mai kitson nan ta koma gidan tsohon mijinta? Karo na uku! Yaya Babba ta ce wannan karon ko kwano ba za ta kai ba. Mai shagon kwana kuma ya sayi Keke Napep, yanzu ko gaisuwa sai ya ga dama.

Tambayar da nake son yi miki tun farko: likitar ta ce ba za ta sa min ragar roba ta ƙasa ba, wato wadda ake ɗinkawa a ciki lokacin tiyata don ta tallafe wurin da ya saki, don a Ingila an dakatar da ita a 2018, Amurka kuma ta hana sayar da ita a 2019, saboda ciwon da ta jawo wa mata. Ke da kike can, kin san wadda aka yi wa aikin ɗaure mahaifa ba raga? Ya ta ƙare?

Yanzu dai zoben na jikina, sati uku ke nan, kuma jiya na soya waina kwano huɗu ban nemi kujera ba. Zan lallaba da shi har a gama bikin Yusra bayan Babbar Sallah, don ba wanda zan bar wa tukwanen nan. Jarka kuwa na sallama wa Abba, yana ta kumbure-kumbure.

Ankon shuɗi ne, zan aiko miki hoto a WhatsApp. Kada ki gaya wa Goggo na daina bagaruwa. Kuma takalmin da kika yi min alkawari, lamba 40 ne, ba 38 ba irin na bara.

Taki har kullum,
Maman Abba