Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni ɓangaren da nake

Assalamu alaikum, ɗana.

A taronmu na masu ɗaukar hoto ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni wa ke da gaskiya a rigimar ƙungiyoyin hoto na Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan gargajiya ko 'yan zamani. Magariba ta kawo jiki, na ce zan amsa a rubuce.

Ina bayan 'yan zamani. Sai dai na ji yadda ka kira tsofaffin nan ragwaye masu ɓoye aibin hoto, kuma a nan ka zalunce su. Ka san aikin bromoil kuwa? Mutum zai wanke hotonsa tsaf, ya tsoma shi a magani har surar ta kusa ɓacewa, ya jiƙa takardar, sannan ya ɗauki buroshi yana dangwala tawada mai maiƙo kaɗan-kaɗan. Inda takardar ta sha ruwa tawada ba ta kamawa, inda ta taurare sai ta zauna. A haka zai ƙara wa gajimare duhu, ya danne abin da bai yi masa ba, har hoton ya fito kamar zanen hannu. Rago ba ya wannan. Irin su Alexander Keighley da F. J. Mortimer a wannan salo na hoto mai kama da zane suka yi suna, kuma ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto Royal Photographic Society, wadda aka kafa tun 1853, da London Salon na 1910 sun daɗe suna riƙe da shi.

Matsalar tana wurin alƙalan gasa. Kowace shekara abu ɗaya ake ba maki: jirgin ruwa cikin hazo, tsohon masunci da lofe a baki, tumaki a gindin tsauni. Bama-bamai sun ragargaza Landan, Mortimer kansa bam ne ya yi ajalinsa a 1944, amma in ka shiga zauren baje koli sai ka rantse ba a taɓa yaƙi ba. Alhali a lokacin mujallar Picture Post, da ta fara fitowa a 1938, tana buga hotunan Bert Hardy na talakawa a unguwanninsu, ana rububin saye.

Shi ya sa a 1945 wani mai ɗaukar hoto, Hugo van Wadenoyen, ya ja wasu ƙungiyoyi na wajen Landan suka haɗu a matsayin Combined Societies, suka riƙa baje nasu kolin. A hannunsa Roger Mayne ya samu ƙarfin gwiwa, wanda daga 1956 zuwa 1961 ya yi ta zarya a titin Southam da ke Landan yana ɗaukar yara suna buga ƙwallo a tsakiyar kwalta, wani ya yi tsalle, ƙafarsa ta fita dishi-dishi. Alƙalin gargajiya da ya ce hannu ya girgiza. An rushe yawancin titin a 1969. Yau a hotunan nan ake ganinsa.

Na kuma lura hoton Kasuwar Kurmi da ka nuna mini ka goge mai turin baro a kwamfuta, wai ya ɓata tsari. Ranar Asabar ka zo mini da na asalin.

Naka,
Malaminka