A asibiti waye zai iya cewa likita tsaya?

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ni dai a nan Dammam ta Saudiyya nake, aikin ɗan kwangila nake a ɓangaren mai, ƙanwata kuma nas ce a wani asibiti a Jidda, to in muka zauna hira sai bambancin yadda ake kiyaye haɗari a wajen aikinmu da nasu ya dinga ɗaure min kai.

Mu a wajenmu ko ƙusa ɗaya ba ka isa ka kwance ba sai da tasrihi, wato takardar izinin aiki, a hannu an sa hannu, kuma lebura ma in ya ga abin da bai yi masa ba yana da ikon ya ce a dakata, injiniya dole ya tsaya, in spana ta faɗo daga sama ba ta samu kowa ba sai an rubuta an tattauna da safe. Ba wai don masu mai sun fi kowa tausayi bane, wuya ce ta koya musu. A 1988 wata tashar haƙar mai da ake kira Piper Alpha ta kama da wuta a tekun arewacin Birtaniya mutum 167 suka mutu, dalili kuwa masu aikin rana sun cire bawul ɗin wani famfo don gyara, na dare ba su samu labari ba suka kunna shi.

To wannan miƙa aikin shi ake yi kullum a asibiti, amma a tsaitsaye, nas ɗaya da gadaje rututu ta kwana ba barci. Ƙanwata ta ce allura in ta soki mutum da yawa shiru suke yi, don in ka kai rahoto tambayar farko ita ce wa ya yi, ga iƙama, wato takardar izinin zama, a hannun kafili wanda ya ɗauke ka aiki, waye zai so sunansa ya hau takarda? Kuma mun ga abin da cutar numfashi ta MERS ta yi wa ma'aikatan lafiya a Jidda a 2014, mun ga gobarar asibitin garin Jazan na nan Saudiyya a Disamban 2015 da ta ci sama da mutum 20.

Na san jikin ɗan Adam ba bututu bane, ba a rufe shi a ce sai gobe. Amma ai tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa kafin tiyata, wadda kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa, don bakin ƙarami ya buɗe. Ina roƙon masu asibitoci, har da na gida Najeriya da Nijar, su rubuta a doka cewa wanda ya kawo rahoton kuskure ba za a yanke masa albashi ba balle kora.

Wassalam,
Mai karatunku daga Dammam