Tsatsa Ba Ta Jin Fenti: Kira Ga Masu Tayar Da Tsofaffin Motocin Amurka A Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu na zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Tafo, musamman matasa da masu dawowa daga Amurka. Sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu babban inji ta fara shiga ran mutane, irin su Ford Mustang da Pontiac GTO da suka fito a 1964, da Chevrolet Camaro ta 1967, da Dodge Charger ta 1968 zuwa 1970. Abin so ne, kuma sun dace da titunanmu, tunda sitiyarinsu a hagu yake, Ghana kuwa ta koma bin hannun dama tun 4 ga Agusta, 1974. Abin da ke sosa mana rai shi ne yadda mai mota ke fara zuba kuɗi a kan inji da tayoyi da launin fenti, alhali tsatsa tana nan a ƙarƙashi an shafe ta da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi. Wannan kitso ne da kwarkwata, kuma a irin waɗannan motoci yana iya cin rai.

Dalili kuwa shi ne ƙirarsu. GTO da Chevrolet Chevelle suna da shasi daban, ana iya kwance bodi a ɗaga shi. Mustang da Charger ba haka suke ba: bodin shi ne shasin. Daɓen mota, dokin ƙofa, da dogayen ƙarafan da aka yi wa walda a ƙarƙashi su ne ke ɗauke da inji da sifirin da fasinja. Camaro tana tsakiya, gabanta na da guntun shasi da ake ɗaurewa da noti, bayanta kuwa bodi ne kawai. Saboda haka rami a daɓen Mustang karaya ce a ƙashin baya, kuma injin V8 mai lita 4.7 ko 5.8 yana murɗa jikin mota duk lokacin da aka taka totur.

Kafin a sayi ko da noti ɗaya, a binciki motar da sukudireba da ƙaramar guduma da maganaɗisu da tocila. A cire kujeru da kafet. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi idan an ƙwanƙwasa shi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif kamar an bugi kwali. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, akwai fila mai kauri. A duba ƙarƙashin mazaunin batir, da kusurwoyin but bayan tayoyin baya, da inda sifirin na baya ke ɗaure, da kewayen gilashin baya, musamman a Charger mai rufin leda. A Charger ɗin kuma a duba ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba, domin a nan sandunan da ke riƙe da nauyin gaban mota suke kafe. Motar da ta zauna a jihohi irin su Michigan ko Ohio, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, daga ƙasa take ruɓowa. Ta Arizona ko California ta fi tsira.

A Mustang akwai wuri guda da ya fi yaudarar mutane, wato akwatin iska da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin 'yan tsagogin nan da ke bayan bonet. Ganye da ƙasa suna taruwa a ciki su toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, tsatsa ta huda kewayen bututun iska guda biyu da ke ciki, sai ruwan sama ya riƙa ɗiga kan daɓe. Gwajinsa ba wuya: mutum ɗaya ya juye bokitin ruwa a tsagogin, wani ya kwanta da tocila ƙarƙashin dasbod. Idan ya ga ɗigo, to a nan za a fara. Wanda ya sa sabon daɓe bai gyara akwatin nan ba ya bar jaki yana dukan taiki, damina biyu zuwa uku sai ya sake yanka. Aikin yana da nauyi, sai an cire gilashi da madigadi biyu an huda ɗigon walda fiye da ɗari, amma babu wata hanyar ratse.

Sai wurin aiki. Yawancinmu a gidajen haya muke, tsakar gida ɗaya da yara da masu girki. Tartsatsin giranda yana tafiya mitoci da yawa, yana maƙalewa a gilashi, yana kuma kama tsumma. Ana buƙatar daɓen siminti miƙaƙƙe da rumfa mai shan iska, da tukunyar kashe gobara a kusa. Tamfol da aka lulluɓa har ƙasa danshi yake tarawa. Don Allah kada a ɗora mota a kan bulo, domin bulo fashewa yake yi ba sallama; ƙafafun ƙarfe huɗu zuwa shida ake sa wa. Batir da tankin mai da layin mai su fara fita kafin a kunna komai. A Mustang ta 1965 zuwa 1970 saman tankin shi ne daɓen but, wato tururin fetur yana dab da inda za a yi walda. Ruɓaɓɓen tanki sabo ake saya, ba a kai masa wuta.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne yanke daɓe da dokin ƙofa a lokaci guda. Da zarar an cire su sai mota ta lotsa a tsakiya, a gama walda ƙofa ta ƙi rufuwa, kuma ba guduma da za ta dawo da ita. Kafin yanka, a daidaita motar da ma'aunin ruwa, a saita ƙofofi har tazararsu ta zama kamar milimita 4 zuwa 5 ko'ina, sannan a ɗinke bakin kowace ƙofa da faif mai kusurwa huɗu na milimita 25, a sa wasu biyu a gicciye daga hagu zuwa dama. A auna kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, a riƙa sake awo bayan kowane aiki. Bambancin da ya wuce milimita 3 alama ce wani abu ya motsa. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, a bar wancan ya zama abin kwaikwayo.

Tsatsar da ta huda ƙarfe ba ta da magani sai yanka. A wuce bakinta da santimita 2 ko 3, har a kai ƙarfe mai haske mai cikakken kauri. A fitar da siffar ramin a kwali, a zana a kan sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali: kusan milimita 1 ga bodi da daɓe, kusan milimita 2 ga ƙarafan ƙasa. Kwanon rufi ba ya cikin lissafi, ya yi siriri da yawa, kuma hayaƙin farin rufin da ke jikinsa yana sa zazzaɓi. Facin ya shiga ramin baki da baki, da tazara kamar milimita 1. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, shi ya sa ake yawan yi, amma tsakanin ƙarfe biyun nan ruwa ke kwana.

Kan walda, dole mu faɗi gaskiya ko da za ta yi wa wasu abokan sana'a ɗaci. A Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, akwai mastocin da ke fitar da kusurwar madigadi daga miƙaƙƙen ƙarfe da guduma kawai, hannunsu abin alfahari ne, kuma mai gyara a gida ya nemi irinsu. Matsalar tana wajen wutar kabaid. Zafinta yana bazuwa, faffaɗan ƙarfe kamar gefen baya na Charger ya kumbura ya lotsa, daga nan a koma cikewa da fila. Liƙin tagulla kuma ba na wurin ɗaukar nauyi ba ne, ga shi ragowar hodarsa tana tayar da fenti daga baya. Waldar sanda tana huda ƙarfen milimita 1 nan take. Abin da ya dace shi ne injin walda na MIG, mai turo waya da kansa, da waya mai milimita 0.6 da gas mai haɗin argon da iskar kabon. Ba a jan dogon layi. Ɗigo ake yi, a tsallaka santimita 3 a sake wani, a koma can nesa, a jira har hannu ya iya taɓa wurin, a haka har ɗigon su haɗu. Inda kamfani ya yi ɗigon walda, a huda sabon ƙarfen da rami na milimita 8 duk bayan santimita 4 zuwa 5, a matse shi sosai a cike ramukan. Bayan an goge, a haska tocila ta baya. Duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai bi. Wanda zai yo odar inji daga Amurka ya tuna wutarsu ta gida mai ƙarfin bolt 120 ce, tamu 230. Sababbin fallayen bodi da ake sayarwa kuwa, da yawa a Taiwan ake buga su, kuma da wuya su zauna ba tare da gyaran baki ba, don haka a gwada da ƙofa da gilashi a wurinsu kafin walda.

Yanayinmu ma abokin gaba ne. A damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, ƙarfen da aka kankare da safe kan yi ja kafin la'asar. Kada a kankare fiye da abin da za a iya rufewa a ranar. Hunturu ya fi dacewa da aikin tsiraicin ƙarfe, sai dai a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, a kuma guji feshi da sassafe lokacin raɓa. Feshin yashi yana da amfani a ƙarƙashi da lunguna, amma yana lanƙwasa rufi da bonet, kuma ƙurar yashin rafi tana lalata huhu har abada. Tsatsa ta sama-sama ana wanke ta da maganin da ke da asid ɗin fosforik, a ɗauraye shi tas kafin ya bushe. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil suna shiga haɗin ƙarfe su ci gaba da ci bayan an yi fenti. Ƙananan ƙarafa kamar hinjin ƙofa ana tsoma su a robar ruwa mai cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4, a haɗa baƙar wayar cajar batir da kayan, jar kuma da wani tsohon ƙarfe a cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba, a bar su kwana a fili.

Jerin shafe-shafen shi ne: samfefa mai lamba 80, a goge maiƙo, sannan firaima ta efoksi shafi biyu. Firaimar toka ta yau da kullum tana shan ruwa, fila ma haka, shi ya sa motar da aka bari a cikinsu wata da watanni take yin ƙuraje. Fila a kan efoksi take hawa, da hadna, wato sinadarin da ke sa ta daskare, kashi 2 cikin ɗari, kuma kada kaurinta ya wuce milimita 3. A toshe duk haɗin ƙarfe da manne, bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da ƙofofi, a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. A zubar da ruwan kwamfuresa kowace rana. Fenti mai hadna guba ne ga huhu, tsumma a hanci ba ya tare shi, kuma ba abin fesawa ba ne a gidan da yara ke kwana. Wannan a kai wa masu ɗakin feshi.

Inji ba ya ba mu tsoro, fitocinmu sun san kafireto. A dai cire fulogi a zuba mai a silinda na 'yan kwanaki, a juya da hannu kafin a taɓa makulli, a kuma nemi baƙin mai da ke da isasshen zinki domin tsohon kamshaf. Notocin motar na inci ne, sifana 1/2 da 9/16 ake nema; tura noti na milimita yana cinye zare. Birki kuwa ba a yi masa rowa. Motocin da suka fito kafin 1967 yawanci tukunyar birkinsu ɗaya ce, layi ɗaya ya fashe duka tayoyi huɗu sun tafi. A sauya ta da tukunya mai gida biyu, a sabunta dukkan layukan da bututun birki na inci 3/16, ba jan ƙarfen masu gyaran firji ba.

Akwai kuma maganar takardu. Motar da ta haura shekara goma tana da tara a wajen kwastan idan ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema, a nemi lissafin tun kafin a loda ta. A Mustang ta 1965 zuwa 1967 lambar shasi a buge take a saman ƙarfen ciki na madigadin gaba, ɓangaren direba, kuma wurin yana cikin waɗanda ake yawan yankewa a jefar. Daga 1968 ne lambar ta koma gindin gilashin gaba. A ɗauki hotonta tun ranar farko, a kewaye ta wajen yanka, idan kuma dole sai an taɓa wurin a fara zuwa ofishin DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, a ji ƙa'ida, domin da wannan lambar za su yi wa motar rajista.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran bodi da walda,
Suame Magazine, Kumasi.