Mu masu jinyar dabbobi, wa ke tambayar halin da muke ciki?

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Ni ma'aikacin asibitin dabbobi ne a nan Jos, a Vom na yi karatu, kwalejin da ke maƙwabtaka da cibiyar binciken cututtukan dabbobi wadda aka kafa tun 1924. Ba likita ba ne ni, mu ne dai masu riƙe dabba, mu yi allura, mu wanke ciwo, mu kwana a kanta in an sa mata ruwa.

Watan jiya wani dattijo ya kira mu saniyarsa ta kwanta, likita ya duba ya ce a yi mata allurar oxytetracycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ni na yi mata da hannuna. Kwana biyu sai ga wayarsa da asuba, wai ɗana ta ƙi tashi, zan sa a yanka kafin ta zama mushe, in mahauci ya tambaye ka kar ka ce an yi mata allura. To ga shi a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci naman, don maganin yana nan a jikinta, kuma irin wannan ne ke sa a wayi gari mutum ya sha magani ya ƙi yi masa aiki. Na ce Baba ka yi haƙuri ba zan iya ɓoyewa ba. Ya yi shiru can ya ce ita kenan gare ni fa. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, na san gaskiya na faɗa amma muryarsa ta ƙi fita daga kaina.

Ga kuma haukan kare. In alamun sun bayyana babu magani, sai a kashe karen a kai kansa Vom a gwada ƙwaƙwalwar, kai ne za ka riƙe shi yaran gidan suna leƙe ta taga suna kuka, ka dawo gida ka ce ranka a ɓace a ce maka kai ma dai, dabba ce fa. Manyanmu da suka yi aikin kashe kaji lokacin murar tsuntsaye ta 2006 har yau ba sa son tuna zancen.

Roƙona ga masu asibitoci da hukumar kula da likitocin dabbobi ta ƙasa, a yi mana riga-kafin haukan kare tun kafin cizo, a riƙa ba mu hutu, kuma in mai dabba ya matsa a kan abin da bai dace ba likita ya fito ya yi magana da bakinsa, kar a tura ƙaramin ma'aikaci ya sha zafin shi kaɗai.

Shi dai Baban na gan shi ran Asabar a Bukuru, na gaishe shi ya amsa da kyar ya kau da kai.

Naka,
Wani ma'aikacin asibitin dabbobi, Jos