Rahoton ayyukan shekara ga membobinmu kan batun ruwan famfo

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya. Ga rahoton abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare, na rubuto shi a madadin kwamiti saboda waɗanda ba za su samu zuwa babban mitin ba su ma su san inda aka kwana.

Babban aikin da ya ci mana lokaci bana shi ne gwajin ruwa. Kun san da can korafi kawai muke yi, ruwa ya zo ja, ruwa yana wari, yara na gudawa, mu je ofis a ce mana ina shaida, mu dawo hannu rabbana. To shi ya sa muka sayi kayan auna kulorin, wato maganin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, da kuɗin ƙungiya, kuma abin ba wuya, ɗan kwalba ne ka tari ruwa daga bakin famfo ka jefa ƙwayar gwaji a ciki, in akwai kulorin sai ruwan ya koma ruwan hoda, ka ɗora shi jikin katin launi ka karanta lamba. In ya tsaya fari fes yadda ka tare shi to babu komai a ciki da zai kashe ƙwayar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kulorin ɗin da ya rage a ruwa lokacin da ya iso wurin mai sha kada ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita, kuma a cikin mililita 100 na ruwan sha kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya, domin ita ce alamar bayan gida ya shiga ruwa.

Abin da muka gani shi ne gidajen da ke kusa da matatar ruwa kwalbar tana yin launi sosai, amma in ka yi nisa zuwa ƙarshen layi sai launin ya dinga dusashewa har ya ɓace, musamman safiyar da aka dawo da ruwa bayan an kwana biyu ba a ba da shi ba. Wani ɗan uwanmu a ƙungiya da ya yi aikin famfo shekaru ya yi mana bayanin dalili, ya ce muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi to ko ya tsage ruwa ne zai dinga fita, amma da an ɗauke ruwa ƙarfin ya faɗi sai tsagar ta koma tsotso, duk abin da ke kewaye da bututun ya shige ciki. Kuma kun ga inda bututun namu suke bi, wasu a cikin kwata suke kwance tsamo-tsamo, an ɗaure wurin da ya fashe da tsohuwar roba. Mun ɗauki hotunan irin waɗannan wurare da kwanan wata, suna cikin fayil a hannun sakatare ga duk mai son gani.

Samfurin da muka kai ɗakin gwaji mai rajista kaɗan ne don gwajin ƙwayoyin cuta da na dalma yana da tsada, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla da rasit a mitin. Amma ina so in ja hankalin iyaye mata kan abu ɗaya da ya sha fitowa a zagayen wayar da kai, wato tunanin cewa in an tafasa ruwa shi kenan an gama. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, wannan gaskiya ne a ci gaba da yi, sai dai ba ta cire dalma ba ta cire naitiret, wato sinadarin da ke shiga ruwa daga taki da bayan gida, ƙara musu kauri ma take yi tunda ruwan ne ke tashi tururi su su zauna. Iyakar dalma a ruwan sha maikirogiram 10 ce a lita, naitiret miligiram 50, kuma jarirai da ƙananan yara su suka fi cutuwa da su, ga shi ba a gane su da ido ko da ɗanɗano.

Sai batun zuwa wurin hukuma, nan ne haƙuri ya kusa ƙarewa wallahi. Mun rubuta wa hukumar ruwa da ƙaramar hukuma takarda, kowace mun tabbatar an buga mana hatimin karɓa a kwafinmu, don mun gaji da jin "ai takardarku ba ta iso ba". Da aka ba mu lokaci wani jami'i ya ce ruwa lafiya lau yake fita daga matata, muka ce ranka ya daɗe mu ba a matata muke sha ba a bakin famfo muke sha, muka ajiye masa kwalba biyu a tebur, ɗaya mai launi ɗaya fara, ya juya su ya juya ya ce za a duba. A yi musu adalci dai, an zo an gyara wasu daga cikin wuraren da muka nuna kuma an ɗaga bututu ɗaya daga cikin kwata. Amma babbar buƙatarmu har yau ba amsa, wato su riƙa manna sakamakon gwajin ruwa duk wata a inda kowa zai gani, da ranar da aka ɗebi samfur da wurin da aka ɗeba da sunan wanda ya sa hannu. Muna biyan bil, ba alfarma muke nema ba, tun 28 ga Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsaftataccen ruwan sha haƙƙin ɗan Adam ne.

Wasu membobi sun ce mun cika nacewa a kan takarda da sa hannu, gara a matsa a kawo tanka. Ni kam ban yarda ba, ku dubi abin da ya faru a garin Walkerton na ƙasar Kanada a watan Mayun 2000, ruwan sama ya wanko kashin shanu ya shiga rijiyar gari, masu kula da ruwa kuma sun daɗe suna rubuta lambar kulorin ta ƙarya a littafi ba tare da sun auna ba, mutum 7 suka rasu sama da 2,000 suka kwanta. Haka garin Flint a Amurka, a 2014 aka sauya musu ruwa zuwa na kogi don rage kashe kuɗi, ba a sa maganin hana bututu cin tsatsa ba, dalma ta dinga narkewa cikin ruwa, mutane na ɗauko gorar ruwa mai launin ƙasa suna kaiwa taro ana ce musu ba komai. Sai da wata likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman dalmar da ke jinin yara a 2015 sannan aka saurare su. Ƙasashe masu kuɗi ke nan fa, kuma a duka biyun ai akwai ma'aikatan ruwa akwai kayan aiki, ido daga waje ne babu a kan littafin.

Batun masu zubar da dagwalon masana'anta da juji a bakin rafin da matata ke ja, gaskiya ba mu yi nisa ba, mun kai rahoto ga masu kula da muhalli an zo an leƙa sau ɗaya shiru kake ji. Shi za mu sa a gaba shekara mai zuwa tare da neman kwafin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, mu ga nawa aka ware wa gyaran bututu da sayen kulorin, wa aka ba kwangila, kuma an yi ko ba a yi ba. Kansilolinmu ma za mu gayyace su su zo su zauna da mu ido da ido.

Muna godiya ga matasan da suka riƙa tashi da asuba suna tarar ruwan farko don gwaji, da iyayenmu mata da suka buɗe mana gidajensu, Allah ya saka da alheri. Masu bashin kuɗin wata don Allah a taimaka a biya, ƙwayoyin gwajin sun kusa ƙarewa kuma suna da ranar lalacewa ba a tara su da yawa. Duk wanda zai zo babban mitin ya taho da bil ɗinsa na ƙarshe, in kuma ruwan gidanku ya canja launi ko wari kafin ranar a tara a gora mai tsabta a rubuta rana da lokaci a jiki a kawo wa sakatare, za mu haɗa da takardar da za mu sake kaiwa.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa