A riƙa zuwa bitar marubuta da rubutu a hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu shirya bitar ƙagaggun labarai a Sakkwato. Sau da yawa a kan gayyato shahararren marubuci ya yi lacca ta awa biyu, a tafa, a raba takardar shaida, a watse. Wanda ya zo da labari mai rauni haka zai koma da abinsa.

Abin da ke aiki shi ne gyara. Kowa ya aiko da labarinsa mako biyu kafin zama, kada ya wuce kalmomi 1,500, iyakar da gasar Hikayata ta BBC Hausa ke sawa. A raba mahalarta rukuni-rukuni, mutum 10 zuwa 12 ga malami ɗaya, a buga wa kowa kwafe. Mai labari ya karanta shafin farko da babbar murya, sannan ya yi shiru minti 20 ana fiɗa. In aka bar shi yana kare kansa, zaman ya zama musu.

Kurakuran kusan iri ɗaya ne. A kwashe shafi uku ana jero asalin jaruma da dukiyar ubanta kafin wani abu ya faru. Mafi yawan lokaci labarin a shafi na huɗu ya fara, sai a yanke. Sai ƙa'idojin rubutu: "ya na" maimakon "yana", da barin ƙugiya har baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa. Wannan laifin madannan waya ne da kasala.

Batun da ya fi shafar mu shi ne Sakkwatanci. Wasu masu gyara kan goge shi kaf, kuma kuskure ne. Bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar Wurno in ta buɗe baki a bar ta ta ce "yat tahi" da "kuɗɗi". Malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun isa su warware wannan.

Rana ta ƙarshe ta zama ta sake rubutu, malami ya duba gyaran da jan biro. Kuma don Allah a sa bitar cikin hunturu, ba a Afrilu ba.

Naku,
Wani malamin Hausa, Sakkwato